Ziyarar Tudun Legon

 Ga labarin wani wuri wanda kowa ya san ƙofarsa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa sa ƙafa a ciki. Duk wanda ya hau torotoro daga Nima ko Mamobi za shi Madina ya ji yaron mota yana kiran Legon, ya kuma hangi wata doguwar hasumiya fara bisa tudu ta hannun hagu. To, nan ce Jami'ar Ghana, watau babbar makarantar da ta girmi dukan jami'o'in ƙasar nan. Shekara da shekaru muna wuce ta kamar yadda baƙo ke wuce ƙofar fada, yana sauri yana sunkuyar da kai. Saboda haka waɗansu daga cikin 'yan ƙungiya muka shirya muka tafi, gama gani ya kori ji.

Daga tsakiyar Ankara zuwa can bai fi mil 8 ba. Mutum ya wuce asibitin soja na 37, ya wuce filin jirgin sama, sai ya iso babbar mararrabar nan mai gadoji da ake kira Tetteh Quarshie. A riƙe sunan nan, don za mu koma kansa. Maƙeri ne mutumin Ga, wanda ya komo daga tsibirin Fernando Po cikin 1879 da 'ya'yan koko, ya shuka su a Mampong ta Akwapim. Koko fa na itace muke nufi, ba wanda ake sha da ƙosai da safe ba. Daga nan sai Shiashie, sai Okponglo, sai ƙofa.

Da shigarmu sai muka ga hanya ta miƙe ɗoɗar, ta rabu biyu, itatuwa dama da hagu, tana hawa sannu sannu har ƙwanƙolin tudu. Tsofaffin gine-ginen duk kamarsu ɗaya: bango fari fat, rufi na jan kasko, tagogi da ƙofofi na baƙin katako, kowane gida da tsakar gidansa da inuwarsa. Babu mai tallan komi a bakin hanya, babu ihun yaran mota. Wani dattijo a cikinmu ya ce rabonsa da jin kukan tsuntsu a Ankara har ya manta. Masu wurin sun ce sunan Legon daga harshen Ga ya fito, suna fassara shi da tudun sani.

Ba da sauƙi aka sami makarantar nan ba. Cikin 1943, ana tsakiyar yaƙin Hitila, gwamnatin Ingila ta naɗa wani kwamiti a ƙarƙashin wani Bature mai suna Walter Elliot, don ya duba zancen ilmi mai zurfi a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta. A cikin kwamitin akwai 'yan ƙasa uku: Arku Korsah daga nan, da Ransome-Kuti daga Nijeriya, da Taylor-Cummings daga Saliyo. Da suka kawo rahotonsu cikin 1945 sai aka tarar bakinsu ya rabu. Mafi yawansu, har da 'yan ƙasan nan uku, suka ce a yi kwaleji a Ibadan, a yi a Achimota, a kuma gyara ta Saliyo. 'Yan kaɗan suka ce babu malamai da ɗaliban da za su cika gida uku, a yi guda ɗaya tak a Ibadan, kowa ya aika da 'ya'yansa can. Gwamnatin Ingila kuwa sai ta bi maganar 'yan kaɗan ɗin.

Mutanen ƙasar nan suka ce ba su yarda ba. Dokta J. B. Danquah da waɗansu manya suka tsaya kai da fata, a majalisa da cikin jaridu, suka ce in kuɗi ne abin tsoro, su za su biya. Kuma suka biya. Kuɗi masu yawa na kafa makarantar daga asusun koko suka fito, watau daga abin da aka riƙe na manoma. Ingila ta sauko, aka kafa kwalejin ranar 11 ga Agusta 1948, a shekarar da aka harbe tsofaffin sojoji uku a mararrabar Osu gari ya yamutse. A Achimota ta fara zama, cikin aron ɗakuna, da ɗalibai wajen 90. Sai cikin shekarun 1950 aka riƙa ƙaura zuwa tudu kaɗan kaɗan.

Don tunawa da wannan ne aka sa wa gidan kwanan ɗalibai na biyu suna Akuafo, watau manoma da harshen Tonawa. Mun tsaya a ƙofarsa mun daɗe. Manoma sun cancanci yabo, babu shakka. Amma wa ya sare dajin? Wa ya fasa koko, ya shanya, ya ɗauki buhu a ka zuwa ma'auni, ya loda shi a jirgin ƙasa? Da yawa daga cikinsu leburori ne da suka gangaro daga arewa, Mosawa da Zabarmawa da Gurunsawa da Hausawa da sauransu, waɗanda ke sauka a zangunanmu in sun iso, su kwana a zaurukan kakanninmu kafin su sami gona. Ba a rubuta sunansu a bango ba, amma guminsu yana cikin ginin. Saboda haka ɗan zango da ya shiga ƙofar nan kada ya shiga a rakuɓe kamar mai cin arziki.

Shugabanta na farko wani Bature ne, David Balme, masanin littattafan Yunanawa na dā, wanda kuma ya tuƙa jirgin yaƙi a zamanin yaƙin duniya na biyu. Ya riƙe ta daga 1948 har 1957. A lokacin nan kwalejin ba ta ba da digirin kanta. Na Jami'ar Landan ake bayarwa, a kan sharuɗɗan Landan, don kada wani ya ce na baƙar fata bai kai na Bature ba. Balme ya shirya zaman wurin kamar na Kambirij inda ya yi karatu: kowane ɗalibi da gidan da yake, da uban gida, a sa babbar riga baƙa a zo cin abincin dare, malamai suna bisa dogon teburi nasu. Tun a lokacin akwai masu gunaguni cewa an kashe kuɗin talakawa an gina wa 'yan kaɗan aljannar duniya, ana koya musu Latin alhali ƙasa tana neman injiniyoyi. Akwai gaskiya a maganarsu. Amma kuma ginin da ya yi yana nan tsaye bayan shekara fiye da 70, kuma babban ɗakin karatun da ke tsakiyar makarantar, mai agogo a ka da tafkin ruwa a gabansa, sunansa yake ɗauke da shi har yau.

Gidajen kwana na asali biyar ne. Akwai Legon, wanda aka fara shiga cikin 1952, sai Akuafo, sai Commonwealth na maza zalla, can sama kusa da ƙwanƙolin tudu, wanda 'ya'yansa suka yi suna wajen jan kaya da kiɗa da rashin jin magana. Akwai Volta na mata, sai kuma Mensah Sarbah, mai sunan lauyan farko ɗan ƙasar nan. Daga baya an ƙara waɗansu da yawa, duk da haka ba su isa ba. Za mu zo ga wannan.

Can ƙarshen hanya, bisa tudu, akwai babban zauren taro inda ake yaye ɗalibai, da hasumiyar nan da ake hangowa daga nesa, wadda gwamnati ta gina don tunawa da samun mulkin kai. Daga nan mutum yana ganin Ankara shimfiɗe ta kudu, duwatsun Akwapim kuma ta arewa. A gindin tudun ta arewa maso gabas ga Madina, rufin kwano iyakar ganinka. Cikin 1959 Alhaji Seidu Kardo ya jagoranci jama'a suka sauka a wurin, a ƙasar mutanen La, lokacin ana daji. Ke nan makarantar da unguwar kusan tare suka girma, kafaɗa da kafaɗa. Madina ta ba jami'a masu gadi da direbobi da masu dafuwa da masu wanki, ta ba ɗalibanta ɗakin haya. Malaman jami'a kuwa tun cikin shekarun 1960 suka sauko suka ƙidaya gidajen Madina, suka rubuta littafi a kanta.

Cikin 1961 majalisa ta yi doka, kwalejin ta zama cikakkiyar jami'a mai ba da digirin kanta, Kwame Nkrumah ya zama ubanta na farko. Ya ɗauko wani mutumin Ailan, Conor Cruise O'Brien, ya ba shi shugabanci cikin 1962, amma tafiyarsu ba ta yi daɗi ba. Nkrumah yana ganin makarantar da gwamnati ke ciyarwa bai kamata ta zama mafakar masu sūkar gwamnati ba. O'Brien kuwa yana ganin in malami ba shi da ikon faɗin abin da bincikensa ya nuna masa, to, an rufe makarantar ko da ƙofarta a buɗe take. Cikin 1964 aka kori waɗansu malamai baƙi daga ƙasar, har da shugaban sashen shari'a, 'yan jam'iyya kuma suka yi gangami suka shiga makarantar. O'Brien ya tafi cikin 1965. Cikin 1966 Alexander Kwapong ya zama ɗan ƙasa na farko da aka tabbatar wa kujerar. Wannan jan igiya tsakanin tudu da fada bai ƙare da Nkrumah ba. A zamanin Acheampong ɗalibai sun sha kulki, a zamanin Rawlings kuma, cikin 1983, aka rufe jami'o'in ƙasar wata da watanni har shekarar karatu ta salwanta. Kofi Annan ya riƙe matsayin uban jami'a daga 2008 har 2018. Cikin 2021 aka naɗa mace ta farko shugaba, Farfesa Nana Aba Appiah Amfo, masaniyar harsuna.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai yana wani sashe da ake kira Cibiyar Nazarin Afirka. An kafa ta cikin 1961, Nkrumah da kansa ya buɗe ta cikin Oktoba 1963, ya ce a daina karanta tarihin Afirka kamar wani ɗan reshe na tarihin Turai. Wani Bature, Thomas Hodgkin, ya shugabance ta a farkon nan, mutum ne mai ƙaunar tarihin Musulmin Afirka ta Yamma. Matarsa Dorothy tana nan Ghana tare da shi cikin 1964 labari ya iske ta cewa ta ci kyautar Nobel ta ilmin haɗa magunguna. Bayansa sai Farfesa Kwabena Nketia, wanda ya ƙare rayuwarsa yana nazarin kiɗa da waƙoƙin Afirka.

A zamanin nan Turawa da yawa, har da 'yan boko na ƙasa, sun ɗauka cewa babu rubutu a ƙasar nan sai da 'yan mishan suka zo. Wani malami mai suna Ivor Wilks, wanda ya zo cikin 1953 ya zauna Kumasi yana koyar da manya, ya san ba haka ba ne, gama ya shiga zaurukan malamai ya ga abin da ke cikin gafakoki. Sai ya haɗa kai da Alhaji Usmanu Boyo, malami mutumin Kintampo, wanda ya san gidan kowane malami da wanda ya karantar da shi. Alhaji Usmanu ya bi gari gari, Salaga, Yendi, Wa, Kete Krachi, Kumasi da sauransu, yana sallama yana roƙon aron littafi. A kawo Legon a ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi da abinsa. Ba don shi ba da babu malamin da zai kwance gafakar ubansa ya miƙa wa Bature. Ta haka aka tara rubuce-rubuce sun kusa 500, na Larabci da na ajamin Hausa da waɗansu harsuna.

Me ke ciki? Akwai tarihin sarakunan Gonja wanda malaman ƙasar suka rubuta da Larabci wajen 1752, suna kawo abin da ya faru shekara bi shekara. Akwai salsalar malamai, wane ya karanta Tafsiri da Muwaɗɗa da Ashafa wurin wane, har a kai ga Alhaji Salimu Suware na ƙasar Mali. Akwai wasiƙu, da lissafin sarakuna da limamai, da littattafan magani. Sa'an nan akwai rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda waɗansu ke kira Imam Imoru, Allah ya jiƙansa. An haife shi a Kano wajen 1858, ya biyo hanyar goro ya zauna Salaga, da yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin sai ya koma Kete Krachi, ya zama limami, ya karantar har ya rasu cikin 1934. Ya yi littafi na koyar da rubuta wasiƙa. Ya yi waƙa a kan zuwan Nasara, da kan talauci da wadata, da kan annobar nan ta 1918 da ta share mutane. Tsohon garin Kete Krachi da ya zauna yana ƙarƙashin ruwa tun da aka datse kogin Volta a Akosombo cikin shekarun 1960. Gidaje sun tafi, kasuwa ta tafi, amma abin da ya rubuta yana nan bisa tudu a ajiye, har an kai kwafinsa Amurka.

To, dattawa, ga abin da ya dame mu. Mutane suna tasowa daga Jamus da Amurka da Ingila su zo su karanta takardun nan, su koma su rubuta littattafai, su zama manyan farfesoshi. Jikokin masu takardun kuwa suna mil 2 daga wurin ba su san da su ba. Yaron da ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, ya yi Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya saba da rubutun malamanmu, yana iya karanta shafin da Bature zai yi shekara uku yana koyon harafinsa. Abin da ya rasa takardar shiga ce. A jami'ar ana koyar da Larabci a sashen harsuna, ana koyar da Musulunci a sashen nazarin addinai, ana tarihi. Yaron da ya haɗa allo da boko, a wannan fage babu mai gaba da shi.

Kasuwancinmu ma an yi nazarinsa a can. Wata Baturiya, Polly Hill, ta yi shekara fiye da 10 a Legon. Ta fara da manoman koko, ta buga littafinta a kansu cikin 1963, sa'an nan ta shiga kasuwar shanu ta Kumasi ta zauna da masu gida da dillalai da mahauta. Cikin 1966 ta buga bayanin yadda mai gida ke saukar da baƙo, ya ba shi masauki da abinci, ya tsaya masa a kan bashin da mahauci zai ɗauka, ya ajiye masa kuɗi, duk ba takarda ba sa hannu. Ta nuna wa masana tattalin arziki cewa wannan tsari ne cikakke, yana aikin banki da na inshora a wurin da babu su. Daga baya ta tafi Batagarawa kusa da Katsina ta yi wani littafin. Marion Johnson ta tattara duk abin da matafiya suka rubuta a kan Salaga. Farfesa Kwame Arhin ya bi labarin kasuwannin Atebubu da Kintampo. Farfesa Mary Esther Kropp Dakubu kuma, cikin littafinta na 1997 a kan harsunan Ankara, ta ba Hausa babban wuri. Abin da masu gidanmu ke yi kullum bayan sallar asuba, shi ake ba wa mutane digiri a kansa.

Akwai kuma wani dalili, mai ɗaci, da ya sa tudun nan ya shafe mu. Dokta K. A. Busia shi ne baƙar fata na farko da ya zama farfesa a kwalejin, a sashen nazarin zaman jama'a. Shi ne kuma ya zama Firayim Minista cikin 1969, gwamnatinsa ta fitar da dokar baƙi ranar 18 ga Nuwamba ta shekarar, aka ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya fita. Dattawan da suka gani ba sa bukatar a gaya musu. An sayar da gida a kuɗin akuya, an bar rumfa cike da kaya, mutanen da aka haifa a Kumasi da Ankara da Koforidua sun hau lori zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Kafin wannan ma, cikin 1957, an kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usmanu Lardan daga Kumasi zuwa Nijeriya, har majalisa ta yi doka ta musamman don kada kotu ta saurari ƙararsu. Ba mu ce makaranta ce ta kori kowa ba. Abin da muke faɗi shi ne, masu rubuta doka, da masu fassara ta, da masu zartar da ita, galibinsu daga irin wannan tudu suke saukowa, kuma a ranar da takarda ta zo 'ya'yan zango da ke zaune a ɗakunan da ake rubuta ta ba su taka kara sun karya ba. Shugabannin ƙasa uku na baya-bayan nan duk ɗaliban Legon ne: Atta Mills ya karanta shari'a ya kuma koyar a can shekaru da yawa, Akufo-Addo ya karanta tattalin arziki, Mahama ya karanta tarihi.

Kakanninmu da suka hana 'ya'yansu boko suna da hujja a zamaninsu. Makarantun na 'yan mishan ne, yaro ya tafi da suna Musa ya komo da wani sunan. Sun tsare addini, kuma da ba su tsare ba da ba mu same shi ba. Amma wannan tsoron ya rage ƙwarai. Tun 1987 akwai sashen ilmin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilmi ta ƙasa, makarantunmu suna haɗa Larabci da boko. A cikin jami'ar kanta mun yi azahar a masallaci, sahu cike da samari, muka ga 'yan mata da lulluɓinsu suna fitowa daga aji da littattafai a hannu, ɗalibai Musulmi kuma suna da ƙungiyarsu.

Ba za mu iya zaga ko'ina ba, gama wurin gari guda ne, ɗalibansa sun haura 50,000. Tun 2014 aka kasa shi kwaleji huɗu: ta lafiya, ta kimiyya, ta ilmin zaman ɗan Adam, da ta koyarwa. Makarantar likitoci tana Korle Bu tun shekarun 1960. Amma mun leƙa wurare biyu da suka shafi kowa.

Na farko cibiyar binciken cututtuka ta Noguchi, wadda gwamnatin Japan ta gina ta ba Ghana cikin 1979. Sunan wani likitansu ne, Hideyo Noguchi, wanda ya zo Ankara binciken cutar shawara, cutar ta kama shi ya mutu nan cikin 1928. A nan ake auna jini da majina a gane irin ƙwayar cuta, ana binciken zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka. Da annobar korona ta iso cikin Maris 2020, a nan aka tabbatar da masu cutar na farko, kuma a nan aka yi yawancin awon ƙasar a watannin farko, dare da rana. Annobar 1918 malami ya rubuta ta a waƙa bayan ta wuce. Ta 2020 kuwa an ga ƙwayarta tun tana kan hanya.

Na biyu cibiyar kyautata irin shuka ta Afirka ta Yamma, wadda Farfesa Eric Danquah ya kafa cikin 2007, har aka ba shi kyautar abinci ta Afirka cikin 2022. Aikinta horar da masu fitar da sabon iri na masara da dawa da gero da wake da rogo, wanda zai jure fari ya ba da yabanya. Ɗalibanta daga ƙasashe da yawa suke zuwa, har Nijar da Nijeriya da Mali da Burkina Faso, su yi karatu a nan su koma su yi gwajin a gonakin ƙasarsu. Masu sayen wake da masara a Techiman da Agbogbloshie su lura, farashin buhu yana farawa ne tun daga irin da aka shuka. Jami'ar tana da gonakin gwaji kuma a Kade da Kpong da Nungua, na Nungua na dabbobi da kaji ne.

Da yunwa ta kama mu sai aka nuna mana wurin cin abinci da ɗalibai ke kira kantin daji, akwai kuma kasuwar dare kusa da sababbin gidajen kwana. Nan muka ga abin dariya. Farfesa da ɗalibi da ɗan sanda duk sun yi layi gaban tukunyar wake da shinkafa, wanda ƙasar nan duka ke kira da sunan da ta ara daga bakinmu. Ga tuwon zafi, ga koko da ƙosai, ga tsire. Abincin zango ya riga 'ya'yan zango samun gurbi a jami'a.

Yanzu ga abin da iyaye za su so su sani. Ana shiga da sakamakon jarrabawar ƙarshen sakandare ta Afirka ta Yamma. Dole yaro ya ci Turanci da lissafi, waɗannan biyu su ne ke kayar da yawancin yaranmu, musamman wanda ake tura shi rumfa ko tasha da rana ya zo karatu da dare a gajiye. Ana haɗa makin darussa shida, kuma mafi ƙanƙantar jimla ita ce mafi kyau. Likita da shari'a sai wanda jimlarsa ta yi ƙasa ƙwarai. Tun 2017 an ɗauke kuɗin makarantar sakandare ta gwamnati, saboda haka masu neman shiga sun yi yawa, gurbi kuwa bai ƙaru daidai da su ba. Wanda ya kai shekara 25 kuma yana da wata ƙofa ta manya: a yi masa ɗan horo, ya zauna jarrabawa, in ya ci ya shiga. Akwai reshe a cikin birnin Ankara, akwai kuma karatu daga nesa mai cibiyoyi a manyan garuruwa, har Kumasi da Tamale, don mai sana'a da ba zai iya barin rumfarsa ba.

Babbar wahala wurin kwana ce. Samun gado a cikin makaranta ya fi samun gurbin karatu wuya, ɗakunan haya na kusa kuwa kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Yaro ya zo daga Wa ko Bawku ko Yendi da takardar shiga a hannu, ya rasa inda zai ajiye akwatinsa. Wannan kuwa sana'armu ce tun kaka da kakanni. Zango don saukar baƙo aka kafa shi. Masu gidaje a Madina da Nima da Mamobi da ke da ɗaki a rufe, ga baƙin da suka cancanci masauki, kuma ba su zo da garken shanu da zai ɓata tsakar gida ba.

Saura zancen gafakoki da akwatunan da ke ƙarƙashin gadajenmu. Aikin Alhaji Usmanu Boyo ya wuce shekara 50, kuma abin da ya tara kaɗan ne daga abin da ke akwai. Kowace damina ruwa yana shiga ɗakunan Nima da Aboabo da Sabon Zongo, gara tana ci, malami ya rasu magada su raba littattafansa kamar yadda ake raba tufafi, rabin littafi ya tafi Tamale rabi ya tafi Legas. Wanda ke da irin waɗannan ya ɗaga su daga ƙasa, ya fitar da su su sha iska a inuwa, kada ya shanya a rana, kada ya ƙulle su cikin leda, kada kuma ya liƙe yagaggen shafi da gam. Ya bar shafuffukan yadda ya same su a jere. Yanzu ba sai littafi ya bar gida ba, ana iya ɗaukar hotonsa shafi shafi a zauren mai shi, a gaban idonsa. Mai son a yi masa haka ya sanar da magatakardan ƙungiya bayan sallar Juma'a, ya faɗi sunan malamin da ya bar littattafan da garin da ya yi karatu, don mu haɗa lissafi kafin mu sake komawa.